Ranar da Aka Aiki Nata'ala Kamo Surukarsa

Tarho na yin ƙara Komiser, shugaban 'yan sanda, ya miƙe tsaye, ya gyara ɗamara, ya haɗa dugadugansa, sannan ya ɗauka. Birgadiye Nata'ala, ƙaramin jami'in 'yan sanda da ke bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, ya gane mai kiran tun ba a ce uffan ba. Mutum ɗaya ne a Maradi ake ƙame wa ta cikin waya, shi ne Kaftin ɗin da sojoji suka turo ya kula da rabon hatsin taimako, wanda tun zuwansa ya mai da komisariya, ofishin 'yan sanda, kamar zauren gidansa.

"Wi, mon kapiten. An gano ta, mon kapiten. Kafin la'asar tana kulle a kaso."

Komiser ya ajiye kan tarhon a hankali kamar ƙwai, ya zauna yana share gumi. Ba mugun mutum ba ne. Ya yi karatun shari'a a Yamai, har da babban kundin doka ya zo da shi, sai dai ƙafar teburinsa ɗaya ta gaza, kundin kuwa ya yi daidai da gurbin.

"Nata'ala, ka ce wa Kalibu ya fito da mota."

"Shef, ai babu esansi, tankin mota a bushe yake. Jiya mutumin da aka sace wa awaki a Sabon Gari har kuka ya yi mana, muka ce masa babu."

"Na awaki ne babu. Na waƙa akwai."

Waƙar nan kowa ya san ta. A shekarar damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai yi kai ba, aka shiga rabon wata jar dawa da aka kawo daga ƙetare. Dawa ce mai taurin kai. A daka ta ta ƙi, a tuƙa ta ta fito kamar jan birgi, a ci ta ciki ya kwana yana ƙorafi. Mutane na karɓa suna godiya, don yunwa ba ta zaɓe, amma sai ga wata waƙar daka ta ɓulla, daga turmi zuwa turmi har ta cika gari:

"Jar dawa, baƙuwar soja,
Na daka ki turmi ya yi kuka,
Na ba kaza ta kalle ni,
Ta ce a kai wa Kaftin shi fara."

A wancan zamani kuwa ko tari mutum zai yi sai ya duba bayansa. Wani mai kunnen gwamnati ya kai wa Kaftin labari, Kaftin ya ɗaga tarho ya ce a nemo tushen waƙar. Aka kama wani manomi daga Jiratawa, Ɗanliti, wanda ya kawo tumatir kasuwa yana tafe yana rera ta a bayan jakinsa. Tun shekaranjiya yake rufe a ɗakin baya. Da safen nan, ganin babu mai zuwa belinsa kuma tumatir na ruɓewa, ya faɗi inda matan ƙauyensu suka ɗauko ta.

"Tibiri za ku," in ji Komiser. "Bayan kasuwa, gida mai kurna a ƙofa. Wata tsohuwa ce mai daddawa, Tasalla."

Shayin ya zube a kan takalmin Nata'ala.

"Shef," ya ce da ƙyar, "uwar matata ce."

Komiser ya yi salati ya dafe kai. Har ga Allah ya ji tausayinsa. Amma wa zai aika? Duk sauran 'yan sanda, Kaftin ya kwashe su tun da sassafe, sun tafi jeruwa a filin magaza, inda ake ajiye hatsin, don yau manyan gari za su je yi masa godiya.

"To wane laifi ta yi, Shef? In ta tambaye ni, me zan ce?"

Komiser ya nuna tarhon da leɓe. Can ya ƙara da cewa, "Ka tuna Sa'idu. Shi ma tambaya ya yi."

Wa zai manta? Sa'idu ya taɓa tambayar dalilin kama wani mai shago, sati bai zagayo ba aka ɗauke shi aka kai Bilma, can tsakiyar hamada, inda ya zama ɗan sandan raƙuma da gishiri.

Kalibu direba ya fito da tsohuwar motar yana fito, don shi ɗan Tibiri ne, yana ganin ya samu hanyar gaida mahaifiyarsa a ɓagas. Kirista ne, daga gidajen da ke kusa da majami'a, kuma babu tsohuwar da bai sani ba a garin. Da ya ji wadda za a kamo sai ya taka birki a tsakiyar titi, ya yi dariya har da bugun sitiyari.

"Birgadiye, kai da ko sunanta ba ka iya faɗi? Da wane bakin za ka ce mata an kama ta?"

"Tuƙa mota, don Allah."

"Ka ɗauko ankwa? Ko ita za ta saka wa kanta kana kallon bango?"

Tun da Nata'ala ya auri Balki bai taɓa haɗa ido da mahaifiyarta ba. In ya hango ta a hanya sai ya saki hanyar, in babu wurin ratsewa ya cire takalmi ya tsuguna har ta wuce. Bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Ita ma ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai gidan Balki. Wannan kunyar ita ce darajarsa a Tibiri, ana misali da shi wajen horon sababbin angwaye. Yau kuwa in tsohuwar nan ta kwana a kaso da hannunsa, ya san Balki ba za ta yi masa faɗa ba, tukwanenta kawai za ta haɗa. Ya kuma san turmin da ya haifi waƙar jar dawa bai tsufa da haihuwa ba, ta gaba da sunansa za ta fito.

Suka bi gefen gulbi, wanda ya koma rairayi zalla, mata na ta haƙa a cikinsa suna kwalfar ruwa. Gonaki fayau, sai kara tsaye babu zangarniya. Duk da haka Kalibu bai fasa tsokana ba har suka tsaya a gindin kurnar.

Takalmin ɗan sanda ba a yi shi don zuwa gidan surukai ba. Nata'ala ya daɗe a zaure yana kwance igiya, ya tuɓe safa, ya cire hula ya matse a hammata, sannan ya yi sallama da muryar da ko kaza ba za ta firgita ba. Ya shiga ya tsuguna a gindin rumbu, fuskarsa na kallon katanga. Haka hukuma ta iso gidan Tasalla, ba takalmi.

Tsohuwar na bakin murhu tana kwashe tuwo, ja wur, cikin akushi. Gajeriya ce ƙaƙƙarfa, zanen Gobir ya taso daga gefen bakinta ya bazu har kunne. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda surukin, ta juya wajen direban.

"Kalibu ɗan Esta, lahiya kuka taho da motar gwamnati? Ka tambayi mai gidan Balki, ɗiyata lahiya take?"

Kalibu ya juya, da fuskar gaske kamar tafinta a kotu. "Birgadiye, an ce Balki lafiya?"

"Ka ce lafiya lau, tana gaisuwa."

"Ya ce lafiya lau."

Aka gaisa ta bakin Kalibu, aka tambayi yara, aka tambayi zafi, aka yi wa juna jajen damina. Gaisuwa ta ƙare, magana ta ƙi fitowa. Nata'ala ya buɗe baki ya rufe, yana zane a ƙasa da yatsa, gumi na bin ƙeyarsa.

Tasalla ce ta raba gardama. "Ka ce mishi shi bar wahal da kainai. Tun jiya anka hwaɗa mini an kama wani bawan Allah don waƙata. Ni na yi ta, nan ga turmin ga. Kazar ma ga ta can, in ana son shaida."

"Ka ce mata," in ji Nata'ala, "ba ni ba ne. Aiko ni aka yi."

"Na sani. Ka ce mishi wuƙa ba ta zaɓen abin yanka."

Wannan maganar ta fi mari zafi, don ba da faɗa ta yi ta ba. Ta rufe akushin tuwon da faifai ta ɗaure da tsumma, ta ce an gaya mata a kaso ba a ba baƙo abinci. Ta bar wa maƙwabciya amanar kaji, ta fito ta shige gaban mota ta zauna daram. Nata'ala ya hau baya riƙe da takalmansa, ya juya musu ƙeya, yana kallon hanyar da suka baro. Mutanen unguwa suka fito suna kallo, wata ta ce ai surukin kirki ke nan, ya zo da mota ya ɗauke ta zuwa birni.

Suka kama hanyar birni. Nata'ala na ta juya abin a ransa. Ya sake ta ya ce bai same ta ba, gobe a turo sojoji, su kuwa ba sa cire takalmi. Ya kai ta kaso, gidansa ya watse. Yana cikin haka motar ta faɗa rami, ya waiga ba shiri, idonsa ya sauka a kan kumatun tsohuwar a madubin gefe. Ya yi sauri ya kau da kai don kunya, amma zanen nan ya tsaya masa a rai.

"Kalibu," ya ce, "ka tambayi Inna, ta san Kaftin Bazabarme ne?"

Ba a jira tafinta ba. Tasalla ta saki mayafi ta tafa hannu.

"Bazabarme? Duk wanga tashin hankali, ashe bawana ne ya aiko a kira ni?"

Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun na kakanni. Bagobiri ya tare Bazabarme a kasuwa ya kira shi bawa, ya ƙwace masa hula, ya zage shi tas, shi kuma ya rama, a rabu ana dariya. Ko sarki ne ba shi da ikon fushi. Wanda ya yi fushi da abokin wasa a gaban jama'a ya zubar da girman gidansu, har jikokinsa sai an goranta musu.

Dariyar Kalibu ta ɗauke. "Birgadiye, soja fa ba ya wasa. An ce kaso, ba a ce a kai masa ita ba."

"Kafin ya sa kaki ai wata ce ta goya shi."

"In goyon bai kama ba fa?"

"To ka riƙa aiko mini da goro Bilma."

Sun iso mararraba a bakin gari. Hagu komisariya, miƙe kuwa unguwar Zariya da filin magaza. Nata'ala ya dubi hagu, ya dubi gaba. Ya ce a miƙe. Kalibu ya yi 'yar addu'arsa a hankali ya miƙe.

Filin ya cika. An kafa rumfa, alhazan birni sun zauna a gaba cikin manyan riguna, su da suka ba da aron motocinsu na jigilar hatsi, bayansu masu unguwanni da hakimai, gefe 'yan samariya, ƙungiyar matasan gari, da ganguna. Ga mutumin rediyo da na'urarsa a rataye. Ga 'yan sandan Maradi kaf a jere cikin rana, suna gadin buhunan da sojoji ke gadi. A tsakiya Kaftin ke zaune, saurayi dogo da baƙin tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wani alhaji na tsaye yana jero masa godiya.

Nata'ala ya sa takalmi a gurguje ko igiya bai ɗaure ba. Kafin ya sauko Tasalla ta yi gaba, akushi a ka, ta ratsa tsakanin 'yan sanda kamar mai shiga gonarta. Ta tsaya a bakin rumfa ta yaye mayafi, ta ɗaga murya irin ta mai tallar daddawa.

"Ina Bazabarmen da ya aika a kamo uwargijiyarshi?"

Ganguna suka tsaya. Alhajin da ke jawabi ya bar baki buɗe. Wani soja ya gyara riƙon bindiga. Nata'ala ya iso da gudu, takalmi na faɗuwa, sai ya rasa yadda zai yi: ga Kaftin da dole a ƙame masa, ga suruka da dole a tsuguna mata. Ya sara da hannu, gwiwoyinsa kuma suka lanƙwashe, ya tsaya a tsakani kamar mai ciwon baya.

"Mon kapiten, mai waƙar ce."

Kaftin ya sauke ƙafa. Ya cire tabarau a hankali, ya dubi tsohuwar, ya dubi zanen da ke kumatunta. Ya dubi alhazai, ya dubi hakimai, ya dubi na'urar rediyo da ke ta juyawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. A wannan shirun Nata'ala ya ga Bilma ƙiri-ƙiri, har da raƙuman.

Sai Kaftin ya juya wajen sojansa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Wa ya bar Bagobira ta shigo nan? Ku rufe magaza maza, kafin ta cinye buhu har da igiya."

Wani tsohon hakimi ne ya fara fashewa, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Dariya ce ta mutanen da suka daɗe ba su yi ta a fili ba, har da masu share hawaye da hannun riga.

"Ni in ci wanga?" in ji Tasalla. "Ku dai da kuka saba da ganye, kun samu ja kun ce nama ne. Zamna da kyau, yaro, ka ji abin da ka aika a kamo."

Ta ajiye akushi, ta kama taɓaryar da babu, ta shiga daka iska tana rera waƙar tun daga farko, a gaban mai ita. Da ta kai wurin kaza sai wani makaɗin samariya ya manta kansa ya saka mata ganga. Alhazai na kallon ƙasa kafaɗunsu na rawa. Tana gamawa ta kwance tsumma ta buɗe faifai, ta tura akushin gaban Kaftin da ƙafa.

"Kaza ta ce kai za ka fara. Bisimilla."

Babu hanyar gudu. Abokin wasa ya ba ka abinci a gaban mutane, ƙi ya fi ci ɗaci. Aka kawo buta Kaftin ya wanke hannu, ya gutsuri loma, ya kai baki. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa. Idanunsa suka kawo ruwa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, da ƙyar ta wuce.

"Tsohuwa," ya ce yana neman ruwa, "kazarki ta fi ni wayo."

Aka sake kwashewa. Kaftin ya ji daɗin yadda dariyar ta koma tasa, ya waiga neman wanda zai raba wa wahala, idonsa ya faɗa kan Nata'ala.

"Birgadiye! Kai ka kawo mini wannan bala'i. Zo ka ci rabonka."

Nata'ala bai motsa ba.

"Ba ka ji ba? Na ce zo ka ci."

Shekarunsa a aikin nan bai taɓa cewa a'a ba. An ce ya kama, ya kama. An ce ya saki ɓarawon da ya kama da hannunsa don ɗan wani ne, ya saka. An ce ya tsaya a rana, ya tsaya. Amma ya buɗe baki ya tauna abinci a gaban uwar Balki? Ya ji bakinsa na magana ba da izininsa ba.

"Mon kapiten, ba zan iya ba."

Kaftin ya tsura masa ido.

"Ba za ka iya ba?"

"Ko Bilma ce a kai ni, mon kapiten. Surukata ce."

Wannan karon har sojan mai bindiga sai da ya juya baya yana riƙe ciki. Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, don kunyar ta kamo ta ita ma. Kaftin ya yi dariya har ya buge tabaransa daga kan tebur. Da ya samu numfashi ya nuna Nata'ala da yatsa mai tuwo.

"Ku ji mini ɗan sanda! Ka iya zuwa har gida ka kamo ta, amma ba ka iya cin tuwo a gabanta?"

Mutane suka ƙara dariya. Nata'ala ya yi murmushi shi ma, don haka ake so, amma maganar ta shige shi har ƙashi.

Kaftin ya ce a kai tsohuwa gida, a bar masa akushin zai aika wa na Yamai su ɗanɗana. Tasalla ta ce akushinta ba ya kwana gidan bawa, ta juye masa tuwon a faifai ta ɗauki abinta. Ganguna suka tashi, alhajin ya koma kan godiyarsa daga inda ya tsaya.

Sai da suka biya komisariya, don mota ba ta kwana waje ba da sanin Shef ba. Suka tarar da Komiser tsaye ƙame da tarho a kunne.

"Wi, mon kapiten. An sallame ta, mon kapiten. Yanzun nan."

Ya ajiye, ya fito da fara'a har kunne, ya sa aka kawo wa Tasalla kujera da ruwan randa a inuwar bishiyar bedi, yana ta sannu Inna, sannu Inna, kamar shi ya je belinta. Ya ja Nata'ala gefe ya ce masa mahaukaci, sannan ya rungume shi. Nata'ala ya koma gindin katanga ya tuɓe takalmi ya tsuguna, zuciyarsa fari ƙal. Yau Balki za ta ji labari daga bakin uwarta, shi kuwa ko ƙara gishiri ba sai ya yi ba.

Sai wata murya ta fito daga 'yar tagar ɗakin baya, mai sandunan ƙarfe.

"Inna! Inna mai daddawa! Ki yafe mini don Allah. Ni na faɗi sunanki."

Tasalla ta sauke moɗa. "Kalibu, wane ne wancan?"

"Ɗanliti ne, na Jiratawa. Wanda aka kama yana rera waƙarki."

"To me yake jira? Mai waƙa ta tahi gida, mai amshi shi kwana?" Ta juya wajen Komiser. "Ɗana, buɗe mishi."

Komiser ya sosa ƙeya. Makullin na rataye a ƙugunsa, kowa na ganinsa. Ya ce ai Kaftin ita kaɗai ya ambata. Ya nuna tagar ofis da leɓe, inda tarhon ke zaune a kan tebur.

"Shi ba shi da wasa da Zabarmawa?" in ji ta.

"Bakatsine ne, Inna," in ji Kalibu.

Daga taga Ɗanliti ya ce, "Kakata ta wajen uwa ta taɓa auren Bagobiri a Tibiri, ko zai yi?"

Ba wanda ya yi dariya sosai. Tasalla ta dubi tagar. Sannan ta miƙe, ta kwance zani ta sake ɗaure shi tamau, ta ɗauki akushinta.

"Kalibu, ka ce wa mai gidan Balki shi maida ni wurin bawana. Ban gama da shi ba."

Sau ɗaya ake tsallake rijiya da baya, ga shi ana ce wa Nata'ala ya koma ya sake. Ya dubi katanga, ya dubi hannuwan Ɗanliti da ke riƙe da sandunan taga, hannuwan da shi da kansa ya sa wa ankwa shekaranjiya a kasuwa. Maganar Kaftin ta dawo masa. Ya tattara takalmansa ya miƙe.

"Ka ce mata to."

"Shef, esansi fa?" in ji Kalibu.

"Akwai," in ji Komiser da sauri.

Tasalla ta shiga gaba, Nata'ala ya hau baya ya juya ƙeya. Kalibu ya tada injin. Sai ga Komiser ya biyo su da sassarfa, ya waiga ya dubi ofishinsa, ya sunkuya a tagar motar ta gefen tsohuwar, ya rage murya.

"Inna, in kin ga fuskarsa a sake, akwai wani malamin makaranta a ɗakin, da wani tela. Su ma har yau ban san abin da suka yi ba."

"Hwaɗa wa Kalibu sunayensu," in ji Tasalla.

Ya faɗa, Kalibu ya maimaita. Motar ta fara tafiya. Nata'ala na zaune a baya da takalmi a cinya, yana kallon komisariya da tutarta da Shef ɗinsa tsaye a tsakar fili, makulli na lilo a ƙugunsa. Ba su kai bakin ƙofa ba tarho ya yi ƙara a ciki, Komiser ya juya da gudu yana gyara ɗamara.